Ranar da Dije Ta Shiga Barewa

"Sassauta, Manu! Kar ka murɗe mata wuya!"

Muryar maƙwabcina Malam Attahiru ke nan, tana fita da ƙyar kamar ana matse ta. Ina bakin tandata ina juya waina, ƙofarsa na kallon tawa, don haka babu abin da ya wuce ni. Manu bakanike, mutumin Bungudu, ya tura rabin jikinsa cikin tsohuwar motar Malam, sai ga shi ya ɗago rungume da tsohon lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Baƙi ƙirin, tsatsa na zuba. Yana jingine shi da itacen dogon yaro, gindinsa ya ɓare.

Barewa ake ce wa motar. Ja ce, 'yar mitsitsiya, kujera biyu, ba rufi. Wani Bature da Malam Attahiru ya yi wa direba a kamfanin auduga ya bar masa ita da zai koma gida. A zamaninta, in ta keto Tudun Wadar Gusau, har masu sallar nafila sai sun saci kallo. Amma ni tun da na tare a unguwar nan a kan duwatsu na same ta, kaji na yi mata ƙwai a ƙarƙashin kujera.

Ni Lantana ba na ganin abu in yi shiru, uwata ma ta gaji ta ƙyale ni. Na ce, "Malam, mutum na fama da ƙafa awa turmi, ba ya kwanta ba, sai tada matattu?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a asibiti kuma an ce zuciya ce, kada ya ɗauki ko buta cike. Da tarin ya lafa ya ce, "Soya wainarki, Lantana. Alkawali na ɗauka."

Kowa ya san alkawarin. Matarsa Dije ba ta taɓa shiga motar nan ba. Lokacin da Barewa ke tashe, mahaifinsa na da rai, malami ne mai tsanani, ya ce matar kulle ba ta zama a mota marar rufi gari na kallonta. Da tsohon ya rasu, Dije ta manyanta har ba mai hana ta fita, motar kuma ta mutu. To ran nan tana shara a ƙofar gida, a gabana ta ce, "Ashe haka zan mutu ina share ƙarƙashinta, ban san yadda cikinta yake ba." Da wasa ta faɗa. Shi kuwa bai ɗauka wasa ba. Ya ce kafin ruwa ya sauka sai ya kai ta Tsafe garinsu a cikinta, da hannunsa.

Shekarar ce ta biyo bayan ba mu jiha, ga wahalar mai, ga zafin bazara. Kullum la'asar hadari ya haɗo baƙi daga gabas, ya tsaya a kanmu, ya watse ba ɗigo. Inji dai Malam da Manu sun tada shi, tayoyi an samo na hannu, mai kuwa galan-galan aka tara daga 'yan bumburutu. Lagireto ne ya gagara. Irin nata babu shi ko a Kano, sai Manu ya zo da wani sabo a kwali, irin mai arahar nan da ake ce wa ɗan Taiwan, samansa roba, ba ma na irin motar ba.

Malam Attahiru ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya taɓe baki. "Wanga ai faifai ne."

"Shi aka samu, Baba. Da babu gara ba daɗi."

Na ce, "Araha dai ba ta ado." Ba wanda ya kula ni.

Wuni suka yi a kansa. Kunnuwansa ba su hau ramukan kusoshi ba, aka kai wa mai walda ya ƙara ƙarfe. Tiyo ya yi gajere, aka yi masa ƙari. Fanka na gogarsa, Manu ya sa ƙarfen taya ya ɗan banƙare shi. Daga inda nake na ji wani abu ya ce ƙas. Su ma sun ji, suka dubi juna, kowa ya kau da kai.

Aka cika shi da ruwa, aka tada mota. Wayyo, ƙarar nan! Duk unguwa aka fito, Dije ta leƙo daga zaure tana rufe baki da gyale. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Ɗis. Ɗis. Ruwa na ɗiga daga inda roba ta haɗu da ƙarfe, ƙasa na shanyewa.

Manu ya ce, "Baba, ya tsage, kuma roba ba ta jin dalma. A bari in aika Kano a kawo wani, ko da bayan sati ne."

Malam Attahiru ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe. "Kai ke da sati, Manu."

Sannan ya juyo wurina. "Lantana, ba ni garin kuka cikin ludayi."

"Miya za ka kaɗa mata?"

"Haka munka yi duk zamaninmu. Daga nan har Lokoja na kai lodin auduga da garin kuka cikin lagireto. In ta ji zafi ta yi yauƙi, sai ta bi tsagar ta liƙe."

Manu ya sosa ƙeya. Malam Attahiru ne ya fara ba shi sifana a hannu, ba ya iya musu da shi. A hankali ya ce, "Na da ɗin hanyoyin ruwansu manya ne, Baba. Wanga kuwa awa tsinken tsintsiya."

Ni dai na ce kukata ta miya ce, ba na bayarwa. Tsoro nake ji, wallahi, kuma na faɗa. Sai ga Dije ta fito da 'yar ƙwarya, ta miƙa masa kukar da murna. Ya zuba, ya ƙara, aka bar inji yana aiki. Muna tsaye ɗigon ya yi ta ja da baya har ya ɗauke.

"To, mi kunka gani?" in ji shi.

Washegari da hantsi suka tashi. Ya sa farar riga da hula zanna, ƙafa ba takalmi. Dije ta sha lalle, ta ɗauko gyalenta mai ruwan goro da take ajiya. Da ya buɗe mata ƙofa sai kunya ta kama ta, tsohuwa da jikoki, ta ce, "Malam, mutane fa na kallo."

"Su kalla. Shekara nawa suna bin ki bashin kallo?"

Na yi musu guɗa. Da suka karya kwana na duba inda motar ta tashi, sai kaji ke ta zagaye duwatsun nan suna neman inuwarsu.

Azahar ta yi, la'asar ta kawo kai. Sun ce a can za su yi azahar su juyo. Manu ya zo da akori-kurarsa ya tsaya ƙofata, bai ko kashe ta ba. Ya ce, "Inna Lantana, hankalina bai kwanta ba."

"Nawa tun jiya." Na ja mayafi na shiga.

A gindin dutsen Kwatarkwashi muka hango ta, ja a gefen kwalta, murfin inji a ɗage. Shaho biyu na shawagi can sama, hadari ya rufe rabin dutsen. Dije na zaune a kujerarta, hannu a cinya, kanta daga ita sai ɗankwali. Wurin duk ƙaurin miyar da ta kama tukunya.

"Yaya Dije, ina Malam?"

"Ruwa ya tai nema. Ta yi zafi, tana ta huci. Ya ce in zamna kar in sauka, yanzu shi dawo."

"Tun yaushe?"

"Tun rana na tsaka."

Manu ya leƙa inji, ya buɗe bakin lagireton, cikinsa ya daskare kamar tuwo. Garin kuka ya liƙe tsagar, ya liƙe hanyoyin ruwan gaba ɗaya. Dije ta nuna masa 'yar hanyar da Malam ya kama, ya bi ta da gudu.

Na zauna a bakin ƙofar motar na riƙe hannunta. Sai ta hau ba ni labari tana murmushi. "Lantana, da munka fita gari ya taka ta! Iska ta fizge gyalena, ya ce a tsaya, na ce a'a, bar shi shi tai. Dariya nikai awa yarinya. Ashe haka cikinta yake."

Ba ta rufe baki ba muka ga Manu tafe, shi da wasu makiyaya, ɗauke da abu a cikin farar riga. Sun same shi kusa da rijiyar da suke shayar da shanu, ya jingina da dutse, galan cike a gabansa, yatsunsa na cikin mariƙin. Ya ɗebo ruwan, dawowar ce ta gagara.

Na fasa salati ina kuka. Dije ta yi innalillahi a hankali, ta maimaita, ba ta motsa ba. Aka shimfiɗa shi a bayan akori-kura, na ce ta zo mu zauna gaba.

"Ya ce kar in sauka."

"Yaya Dije, don Allah."

"Shi ya sa ni ciki, Lantana. Ƙofar gidanai zan sauka."

Haka aka yi. Mutanen wurin suka taru suka ɗaga gaban Barewa, aka ɗaure shi da sarƙa a gindin akori-kura. Muka shigo Gusau a hankali kafin magariba, shi a gaba, ita a baya a zaune tsaf, hularsa a kan kujerar direba. Duk inda muka bi sai mutane su miƙe tsaye. Ba ta rufe fuska ba. A ƙofar gida ta buɗe ƙofar da kanta, ta shige zaure, daga nan sai takaba.

An mayar da motar gindin dogon yaro. Da safe na fito hura wutar tanda, na ga Dije daga cikin zaure, an yaye labule kaɗan, tana kallonta. Na sunkuya na duba ƙarƙashin injin. Ƙasar a bushe take, ko ɗigo ɗaya babu. Wata kaza ta yi tsalle ta hau kujerar Dije, ta juya, ta kwanta.