Hoton Fasfon Malam Dallatu

"Ba zan ɗauka ba," in ji Muntaka mai hoto, bai ko ɗago kai daga goge gilashin kyamararsa ba.

Zuliha ta tsaya a bakin shagon. Mahaifinta, Malam Dallatu, yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya cikin farar rigar da ta sha bugu, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

"Haba Yaya Muntaka! Fasfo ne fa, guda huɗu kacal. Yayana Ja'afaru ne ya aiko ya biya wa Baba kujerar Makka, kuma an ce ran Alhamis za a rufe karɓar takardu."

"Allah ya sa a je a sa'a. Amma ki tambaye shi, ba shi ya ce haramun ne ba? Ni ba zan jefa dattijo a zunubi ba."

Duk ƙauyen nan na gefen Makoda babu wanda bai san mafarin maganar ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidan Muntaka da na Malam. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar sadakar ukun Inna Fanta, mahaifiyar Muntaka, Malam ya shigo zaure ya ga hotonta a bango. Shi kenan hoton da ta taɓa yi a duniya, wani mai yawon kasuwa ya ɗauke ta. Malam ya sa hannu ya ciro shi, ya yayyaga a gaban masu gaisuwa, ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da wannan. Da Muntaka ya buɗe shago kuwa, sai da aka yi wa'azi uku a kansa, wai ran ƙiyama za a ce ya busa wa hotunansa rai. Muntaka bai taɓa mayar da magana ba. Yana gaishe da Malam safe da yamma, yana kuma jira. Yanzu kamannin mahaifiyarsa sun soma ɓace masa, in ya rufe ido sai ya ga ɗankwali kawai, kuma wannan ne abin da ya kasa haɗiyewa.

Washegari aka kai ƙara gaban dagaci Yuguda. Mutane suka cika ƙofar gida, don a shekarar fari ba aikin yi. Gero ya ƙone a gona tun bara, rumbuna sun koma gidan ɓera, rigima ce kaɗai ake samu kyauta.

"Ranka ya daɗe," in ji Muntaka, "akwai dokar da ta ce dole in ɗauki wanda ban ga dama ba?"

Dagaci ya sosa gemu. "Ni dai ban san dokar da za ta kama yatsan mutum ta danna masa kyamara ba. Tela ma yana ƙin ɗinki. Amma maƙwabci fa, Muntaka? Ka dubi tsufansa."

"Na duba. Ya tashi a gaban jama'ar nan ya ce bai kyauta wa Inna ba. Yana faɗa ina ɗauka, ko kwabo ba na so."

Aka juya ga Malam. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma taurin kan nan yana nan inda yake.

"Fasfo lalura ce," ya ce. "Na Fanta ba lalura ba ne. Abin da na yi don Allah na yi."

Muntaka ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin na mai farauta da nama ya kawo kansa. Gaskiya tsoro yake kada tsohon ya ba da haƙuri. Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya yi wa dagaci sallama.

Wani mai hoton sai Dambatta. Mota kuwa ta yi wuya, mai ya yi tsada, direbobi sun jingine. Ran Talata da hantsi Muntaka yana daga shago ya ga an ɗora Malam a babur ɗin Sama'ilu ɗan acaɓa, an ɗaura shi da rawani a bayan direban don kada ya zame. Rana tun da safe ta buɗe kamar bakin murhu. Kyamara tana rataye a ƙusa, taku biyu daga inda yake zaune, akwai fim a ciki. Ya san in ya ɗaga hannu Sama'ilu zai tsaya. Sai ya ɗauki rediyo ya shiga neman tasha.

Bayan la'asar suka dawo. Mutum uku ne suka sauke Malam, kansa na lilo. Washegari ana kiran azahar Muntaka ya ji salatin mata ya tashi ta bayan katanga, ya ajiye lomar da ke hannunsa.

An yi wa Muntaka shaidar maƙwabtaka, ba laifi. Shi ya fara sara a maƙabarta, ƙasar ta yi tauri har diga na tsalle, kuma da kafaɗarsa aka ɗauki makara. Da liman ya ce wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, sahu ya amsa, "Mun yafe." Muntaka ya motsa leɓe don na kusa da shi su gani, amma bai faɗa ba. Daɗin nan na ƙofar dagaci ya neme shi ya rasa, haushin kuwa ko gezau bai yi ba.

Kwana biyar da rasuwar, Sama'ilu ya karɓo hotunan daga Dambatta. Zuliha ce ta kawo su shagon da kanta, idonta a bushe, ba ta yi sallama ba.

"Ga aikin da ka ƙi, wani ya yi."

"Zuliha, ki ji..."

"Kada ka kira sunana. Ɗaya na Ja'afaru ne, zan rubuta masa wanda ya sa Baba ya hau babur. Ɗaya nawa, ɗaya na Innata. Wannan naka ne."

Ta ciro allura daga bakin mayafinta, ta soke hoton a jikin ƙyauren shagon daidai tsayin idonsa.

"Ka yaga, in ka isa," ta ce, ta juya.

Muntaka ya matsa ya duba. Aikin banza ne, haske ya yi yawa, hular ta karkace, kuma a gefen kafaɗa ana ganin yatsun Sama'ilu da suka tallafe shi don kada ya faɗi. Ya kai hannu ya kama gefen takardar. Ya daɗe a haka. Can ya saki, ya koma benci ya zauna, iska na ɗan kaɗa hoton a kan allurar.