Bangon da Yake Kallon Hanya

Kaka a wurinmu daga kan duwatsu take saukowa. Ciyawar can sama ce take fara yin ja, sai iskar safe ta soma cizon kunne, sai wata rana ka fito ka tarar bishiyoyin perekisi, masu 'ya'yan nan masu zaƙi da muke yankawa mu shanya, sun shimfiɗa ganye rawaya a tsakar gida, kaji suna takawa a hankali kamar baƙi. Daga nan kowace mace ta san abin da ke gabanta: a kwashe lambu, a tara makamashi, a yaɓe ɗaki kafin sanyi ya kama ƙasa.

Bana na ja aikin lambu kamar danƙo.

Mu biyu ne a gidan, ni da Nkhono, wadda ta haifi babana. Shi ya rasu tun ban yi wayo ba. Ƙafafun Nkhono sun daina zuwa nesa, saboda haka takan zauna a kan dutsen bakin ƙofa, lulluɓe da bargonta mai ruwan toka, tana ɓarar wake a cinya tana kallona. Na tuge yaɗon wake ɗaya bayan ɗaya, ina kaɗe ƙasar saiwarsa kamar zan kai kasuwa. Na hau tsani na jera kabewa a kan rufin ɗakin girki, na sauko, na ga jerin bai yi mini ba, na sake hawa. Karan masara na ɗaure shi dami-dami na jingine wa saniyarmu a bayan garke. Busasshen kashin shanun da za mu ƙona da hunturu kuwa na gina shi kamar ƙaramin ɗaki, har da ƙofa.

"Lisebo," in ji Nkhono, "wannan lambun fadar sarki ce? Jiya kin share, shekaranjiya kin share. Yanzu kuma kin tsaya da tsintsiya kina jiran ganyen da bai faɗo ba."

Na sunkuyar da kai. Ta san dalili, ni ma na san ta sani. Idan lambu ya ƙare, saura bango.

Ɗakin kwananmu zagayayye ne, na dutse da laka, gefensa ɗaya yana kallon tudun da bas ɗin garin Mafeteng yake tsayawa. A wannan gefen mahaifiyata ta yi zanenta na ƙarshe. Litema muke ce masa. A yaɓe bango da jar ƙasa da kashin shanu, tun yana ɗanye mace ta ja yatsunta a kai, layi kusa da layi, kamar kunyoyin gona. Kowace mace da irin hannunta. Na mahaifiyata yakan tafi miƙe, sai ya lanƙwasa farat ɗaya kamar ya tuna wani abu a baya.

A kakar da ta yi shi ta ƙetare iyaka, aikin gonakin tuffa. Ranar tafiyar, tana ɗaure ƙunshin kayanta, ta ce mini, "In na sauka a kan tudu ba na neman hanya. Bangona nake nema. Da na hango shi, na iso gida." Ta zo Kirsimeti ta farko. Ta biyu ta aiko da gaisuwa a bakin wani. Daga nan shiru, irin shirun da ba a sa masa baƙin kaya ba, ba a kuma daina ajiye masa kwano ba.

Kaka biyu Nkhono ta ƙyale ni, muka yaɓe ko'ina ban da wannan gefen. Ya koɗe, ya yi launin tsohon ƙashi, tsaga ta bi ta tsakiyarsa daga jinka har ƙasa.

Amma da la'asar sakaliya, idan rana ta karkata ta buge shi a gicciye, inuwa takan cika layukan, bangon ya farka. Nakan ajiye manjagara in tsaya. Sai in ga gonaki daga sama, kamar yadda shaho yake ganinsu. In ga kaina ƙarama kamar tururuwa a cikin kunya ɗaya, ƙasa mai ɗumi a tafin ƙafata, ina bi, ina bi, har inda layin ya lanƙwasa. Kullum ji nake idan na sha wannan kwanar zan tarar da ita a duƙe, bargo ɗaure a ƙugu, tana cewa in miƙo mata ruwa. Nakan sa yatsuna a cikin sawun nata in bi a hankali. Nata sun fi nawa faɗi. Sai ƙararrawar shanun da ake korowa gida ta dawo da ni, in tarar hayaƙi ya kwanta a kan gari, ni kuwa ban ɗora tukunya ba.

Maƙwabciyarmu Mme Mateboho ce ta fito da maganar fili. Mace ce da muryarta take riga ta isowa. Ta shigo da bokitin ɗanyen kashin shanu a ka, ta dire shi a gaban Nkhono.

"Ga gudummawata, tsohuwa. Shanuna sun yi iya ƙoƙarinsu, saura ku." Ta juya ta dubi bangon, ta riƙe haɓa. Ta kira sunan mahaifiyata kamar tana bayan ɗaki. "Wayyo Malisebo, ina kike ki ga ɗakinki! Ko mujiya sai ta yi shawara kafin ta kwana a nan."

"Gaya wa mai lambu," in ji Nkhono. "Ni bakina ya gaji."

"Ke 'yar nan, bakin naki na aro ne kike tsoron ya ƙare? Yaushe za a kwaɓa ƙasa?"

"Ban gama da shanyar perekisi ba, Mme," na ce, ina kallon ƙafafuna.

"Waɗannan da suka fi kunnen Nkhono bushewa? Kawo in ji." Ta ɗauki yanka ɗaya daga kan buhun shanya, ta tauna, ta ɗebi cikin hannu ta zuba a bargonta. "Sun yi. Na ɗauke miki wannan aikin."

Nkhono ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni ma saura kaɗan.

Sanyin farko ya sauka ba sallama. Na fito da safe na tarar raɓa ta daskare, ciyawa ta yi fari tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, ganyen kabewar da ya rage ya yi baƙi ya kwanta. A gindin bangon kuma ga yaɓe mai faɗin faranti ya faɗo ya tarwatse. Laima ce ta shiga tsagar, ta daskare, ta ture shi.

Nkhono ta dogaro sandarta ta zo ta tsaya. Ta dubi tsagar.

"Yau sanyi ya ci fata, gobe zai ci dutse," ta ce. "Ni ba zan kwana iska tana lasar ƙashina ba saboda zane. Jikata, litema ba don ya daɗe ake yin sa ba. Wanda ruwa bai wanke ba, roƙo ne da magabata ba su amsa ba."

"In ta zo fa?" Muryata ta fito ƙarama. "In ta sauka ta duba ba ta gan shi ba?"

Nkhono ta dube ni, ta dubi tudun. "Je ki haƙo ƙasa," ta ce.

Na tura baro zuwa kwazazzabon da jar ƙasa take, na haƙo, na tankaɗe. Kafin Mme Mateboho ta iso, na ɗauki wuƙar girki na je wurin lanƙwasar nan. Niyyata in ɓamɓaro ta ɗungurungum in ɓoye a ƙarƙashin gado. Na zura wuƙar da zurfi, na tallabe da ɗaya hannun. Ta taho kamar za ta yarda. Sai ta rabu biyu a tafina, biyun ma suka rabu, na tsaya da gari a hannu.

A gurbin da ta bari wani zane ne daban, ƙananan da'irori kamar sawun yayyafi a kan ƙura.

"A'a," in ji Nkhono a bayana, "ashe ga ni nan." Ta shafa da ɗan yatsa. "Zanena ne. Uwarki ce ta rufe shi tana amarya. Tana yi tana kuka, don na ce mata layinta kamar hanyar mashayi."

Ta sa na kankare duk abin da ya saki. Sannan ta karɓi tsintsiya daga hannuna, ita da ba ta iya duƙawa, ta share ɓaraguzan tas, ta tura su cikin ramin kwaɓi, ta juye ruwa a kai.

"Nkhono!" Ban san muryata tana da wannan girman ba. Kaji suka watse.

"Ashe da baki!" in ji Mme Mateboho daga bakin shinge. "Ni duk zamana ina cewa da kurma nake maƙwabtaka."

"Tsohuwar ƙasa ita ke riƙe sabuwa," in ji Nkhono. "Haka ake yi, ba yau aka fara ba. Cire takalmi ki shiga."

Na shiga. Sanyi ya hau ƙafafuna har gwiwa. Na taka, na taka, jar ƙasa da kashin shanu da abin da ya rage na yatsun mahaifiyata, har suka zama abu ɗaya mai santsi yana numfashi tsakanin yatsun ƙafata. Ina kuka, ba wanda ya ce in daina. Mme Mateboho ta ɗaure bargo a ƙugu, tana wata waƙa marar kai marar gindi, tana ɗiba tana maka wa bango, ni ina bi ina lailayewa da tafi. Rana ta hau, bayanmu ya yi ɗumi. Warin ɗanyen yaɓe ya cika gidan, wanda a hancina ƙamshi ne tun ina goye.

Da bangon ya rufu, ya yi sumul yana sheƙi, sai su biyun suka ja da baya.

"To," in ji Mme Mateboho, "ga fili ga mai doki."

"Mme, ke ki yi. Ni ban iya ba."

"Ni? In yi zanena a ɗakin wata, mijina ya dawo daga shan giya ya ɗauka gidansa ne? Nkhono za ta iya da shi?"

"Allah ya kiyaye," in ji Nkhono. "Yi sauri, Lisebo, ƙasa ba ta jira. In ta sha iska ko ƙusa ba za ta shiga ba."

Na tsaya a gaban bangon. Ban saba yin abu mutane suna kallona ba. Ko 'yan shekarun da na yi a makaranta, a bayan aji na yi su. Na rufe ido na ɗora yatsu. Sai hannun ya tafi da kansa, don ya san hanyar, ya sha bin ta da yamma. Miƙe, miƙe, sai lanƙwasa. Na buɗe ido. Ba nata ba ne. Layukana sirara ne, lanƙwasar kuma ta wuce inda tata take tsayawa, ta nannaɗe kamar yaɗon kabewa. Na ɗaga tafi zan shafe.

"Kar ki kuskura," in ji Nkhono.

Na ci gaba har ƙasa ta fara ƙin yatsuna.

Mme Mateboho ta karkata kai ta duba. "Uwa hanyar mashayi, 'ya hanyar akuya. Gidan nan dai ba a tafiya miƙe." Ta wanke hannu, ta ƙara ɗibar perekisi, ta yi gaba.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Da la'asar, ko laka ban wanke daga ƙafata ba, na ja bargo na hau tudun. Rabona da hawansa tun ranar da na raka ta, don ba na son idon masu jiran mota. Na yi sa'a ba kowa sai wata tunkiya. Na tsaya daidai inda bas yake sauke mutane, na juya, na nemi gidanmu kamar baƙuwa.

Daga nan ba a ganin layi ko ɗaya. Ba nawa ba, ba na Mme Mateboho ba, ba na kowa ba. Nisa ya shanye su duka. Launi kawai ake gani. Ɗakunan da aka yaɓe bana sun yi ja kamar garwashi a cikin busasshiyar ciyawa. Waɗanda masu su suka tafi suka bari sun koɗe, sun yi fari-fari, ido yana wuce su kamar duwatsu. Irin launin da namu yake da shi har safiyar ranar.

Na zauna a kan dutse. Ashe kaka biyu ke nan, duk wanda ya sauka a nan ya duba, kango ya gani.

Yanzu kuwa ga shi can, ja, ɗanye, rana tana kwance a jikinsa. Ga kabewa a kan rufi kamar ƙananan fitilu. Ga hayaƙi ya miƙe, Nkhono ta hura wuta da kanta. Ga wani ɗigo mai ruwan toka a bakin ƙofa, ita ce, na san ta sa hannu a goshi tana neman inda na shiga.

Bas ya taho yana nishi ya tsaya. Wani tsoho ya sauka da buhun gari a kafaɗa, shi kaɗai. Ya gaishe ni, na amsa har ya ji. Motar ta wuce, ƙurarta ta daɗe tana yawo a cikin hasken.

Na sauko a hankali, bangon yana girma a gabana, har layukan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina kika shiga da ƙafafu kamar na saniya?" in ji Nkhono.

"Na je in ga ko ana hango mu."

"To?"

"Ana hangowa."

Ta gyara bargonta. "Sai ki ɗora tuwo."

Sama ta yi garau, alamar sanyi zai sake sauka. Kafin in shiga ɗakin girki na rufe kabeji da ciyawa. Sauran jar ƙasar da na tankaɗe kuwa na juye ta a buhu, na jingine a inda ruwa ba ya kaiwa, don baɗi.