Fararen 'Ya'yan Baƙar Zomanya

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗo ta gabas, iska tana ta kaɗa igiyar shanya. Ina tsugune ina yanka wa zomayena ganye sai na ji Kawu ya ƙwala mini kira kamar wanda ya kama ɓarawo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. A bayan gidansa nake ajiye kejina uku, don ɗakin da nake haya ko wurin ajiye bokiti babu. Shi ma yana kiwon zomaye, amma baƙaƙe zalla, kuma da su yake taƙama a unguwa. Kwana arba'in da suka wuce ya ba ni baƙar zomanyarsa na haɗa ta da baƙin namijina. Ta haifi bakwai. Ranar ce ya fara buɗe akwatin haihuwar, ya tarar gashi ya fito musu: biyar baƙaƙe, biyu farare tas.

"Zo ka gani da idonka, munafuki," in ji shi. "Baƙi da baƙa su haifi fari? Wurin farin zomon tela ka kai ta!"

Tela maƙwabcinsa ne. Shekara uku ke nan ba sa ga maciji da Kawu a kan magudanar ruwa.

"Wallahi Kawu, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba."

"Rufe mini baki! Na ba ka wuri, ka saka mini da ɓata iri. Kafin magariba ka kwashe kejinka. Je ka wurin ubangidanka tela, ya ajiye maka su a kan keken ɗinki."

Idan na bar gidan nan, sai dai in sayar da zomayen, kuma ba ni da wata sana'a. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma akwai abin da malamin dabbobi ya taɓa nuna mini da na kai masa zomo marar lafiya. Na tsinto gawayi biyu da fararen tsakuwa biyu, na jera a ƙasa.

"Kawu, ka yi haƙuri ka duba. Kowane zomo iri biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Baƙi yana danne fari. Zomo zai iya zama baƙi wuluk, amma da fari ɓoye a jikinsa."

"Ikon Allah! Yau kuma likita muka samu. Likitan gawayi."

Na ajiye gawayi da tsakuwa a dama, na ce uwar ke nan. Na ajiye gawayi da tsakuwa a hagu, uban ke nan. Kowanne ɗaya yake bai wa ɗa. Gawayi da gawayi, baƙi. Gawayin uwa da tsakuwar uba, baƙi. Tsakuwar uwa da gawayin uba, shi ma baƙi. Sai tsakuwa ta gamu da tsakuwa ake samun fari. Wato kusan ɗaya cikin huɗu, ko da yake ba kullum yake zuwa daidai ba.

Da na tsaya a nan, da ya fi. Sai bakina ya ƙara: "Kuma ko da wurin na tela na kai ta, in babu fari a jikinta, ba za ta haifi fari ko ɗaya ba."

Kawu ya miƙe tsaye. "Kana nufin zomanyata ce mai gauraye? Tawa?"

Matar Kawu tana kwashe shanya, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Maigida, ka manta ɗan farin da uwar zomanyar nan ta haifa bara? Wanda ka yanka tun kafin maƙwabta su gani?"

"Wa ya sa bakinki?"

"Ni na soya shi, ai dole in tuna."

Kawu ya sa ƙafa ya watsar da gawayin da tsakuwar. "Duk bakinku ɗaya. Kai kuma magana ta ƙare, na ce kafin magariba."

Na je na fara kwance wayar da ta ɗaure kejin farko a jikin bango. Yayyafi ya fara sauka. Rufin kejina buhu ne kawai, ga wata zomanyata da tsohon ciki ta takure a lungu.

Sai na ji ƙarar kwano a bayana. Kawu ne yake jan tsohon kwanon rufin da ya hana kowa taɓawa tun bara. Ya ture ni da kafaɗa, ya shimfiɗa shi a kan kejina duka uku. Ya koma gindin katanga ya rungumo wani dutse da ni kaɗai ba zan iya ɗagawa ba, yana nishi, ya danne kwanon da shi.

Na buɗe baki, ya galla mini harara, sai na rufe. Ya kakkaɓe hannunsa ya shige ɗaki ya bugo ƙofa. Ni kuma na tsuguna cikin ruwa na mayar da wayar da na kwance.