Kwamfutar Ƙarƙashin Bene

"Ya buɗe, 'yata?"

"Saura ƙiris, Baba," in ji Injiniya. Ta kashe wayar ta ja tsaki. Ƙarya take yi, kuma ƙaryar ce ta fi ƙona mata rai.

Baba Mai Rediyo maƙwabcinta ne, katanga ɗaya. Shekara huɗu ya yi yana kwafe kaset-kaset na shirye-shiryen rediyon marigayiya matarsa, ya zuba su a wata 'yar kwamfuta ƙarƙashin bene. Kwamfutar ke raba su ga jama'a ta tsarin toren, duk wanda ya sauke shi ma ya miƙa wa wani. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, abu ɗaya ya roƙa: ta buɗe masa hanya ta intanet, ya riƙa gani a wayarsa ko har yanzu akwai masu neman muryar matarsa.

Aikin minti ashirin fa. Ta saita tata na'urar ta zama 'yar aike, ta karɓo buƙata daga waje ta kai wa kwamfutar Baba. Amma kwana uku shafin da ta buɗe masa na cewa kwamfutar ba ta amsawa. Ta canza lambar mashiga, ta goge, ta sake rubutawa, ta zagi kanta tas. Sau biyu ta tambayi babban ɗansa, ya ce kwamfuta tana nan a kunne.

Rana ta huɗu ta faɗa gidan ko sallama babu. Ga wayar wutar kwamfutar yashe a ƙasa, an jona dutsen guga a mazauninta. Ta juya ga babban ɗan.

"Yaya, wa ya zare wannan?"

"Ni. Ƙugi take yi, ta hana mutane sakat."

"Ka ce min a kunne take."

"To, tarkacen tsoho ne zan tsaya dubawa?"

Wallahi saura kaɗan ta kwaɗa masa dutsen gugan. Ashe tun ranar farko aikinta daidai yake. Ta jona, ta jira koren haske, ta fice a guje.

A ƙofar ɗakin majinyata nas ta tare ta.

"Ke ce 'yarsa? Sai haƙuri. Bai yi awa ɗaya ba." Ta miƙo mata wayarsa. "Da ƙyar muka zare ta daga hannunsa, sai dannawa yake yi."

Injiniya ta zauna bakin gadon da aka riga aka yaye wa zani. Ta danna sau ɗaya. Shafin ya buɗe tar: mutum goma sha ɗaya suna saukewa. Tana kallo suka zama goma sha biyu.