Ƙodar Auta

Auta tana kan keken ɗinki, da allura a baki, ɗan yayarta ya shigo shagon ya ce sakamakon asibiti ya fito. Duk cikin 'yan'uwan da aka ɗebi jininsu, ita kaɗai ce ƙodarta za ta zauna a jikin Yaya. Sai da ta cire allurar ta yi dariya. Ita da Yaya? Tun suna yara ko tabarma ɗaya ba su taɓa kwana a kai ba sai an shiga tsakani.

Washegari likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ya ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wani furotin a bayanta, kamar tambari. Sojojin jini suna yawo suna shafa shi. In suka ji nasu ne su wuce, in suka ji baƙo sai su yi wa juna shela su far masa. Nata tambarin da na Yaya kuwa, in ji shi, kamar an tsaga kara.

Auta ta koma gida tana juya maganar. In dai sojojin nan suna da kunnen jin shela, ai suna jin faɗa ma. Ta ga in suka ci gaba da cacar bakinsu, ranar aiki sojojin Yaya za su gane ƙodar abokiyar faɗa ce, su kore ta. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗaure bakinta daga faɗa da Yaya.

Duk ranar wankin ƙoda tana zaune a gefen gadon Yaya. Yaya ta ce rigar da ta ɗinka mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Auta ta ce mata, "Gaskiyarki." Ta ce miyar da ta kawo ruwa ce zalla, Auta ta ba da haƙuri, har da gyara mata matashi. Yaya ta bi ta da kallo.

Ba a jima ba Yaya ta fara rabon kayanta, zannuwa ga surukarta, tukwane ga maƙwabciya. Sannan ta gaya wa ɗanta ta fasa aikin. Auta ta bar ɗinkin mutane ta taho a guje.

"Me likita ya gaya miki a ɓoye?" in ji Yaya. "Tunda uwarmu ta haife ki ba ki taɓa ce mini gaskiyata ba. Na san tafiya zan yi. Ba za a yanka ki a banza saboda gawa ba."

Auta ta yi ƙoƙarin haɗiye maganar, ta ƙi haɗiyuwa.

"Gawar wa? Ke da bakinki ya fi na kowa lafiya a ɗakin nan? Lallashin sojojinki nake yi, uwar taurin kai. Kuma hannun rigar daidai yake, kafaɗarki ce a karkace."

Yaya ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Da ta ji labarin ita ma sai da ta dafa bango. Ta ce tambarin gado ne daga iyaye, faɗa ba ya goge shi, su ci gaba abinsu. Yaya ta aika a karɓo mata tukwanenta a ranar.

Aka yi aiki, ƙoda ta zauna. Yaya ta rayu har ta goya jikoki, tana gaya wa kowa tun da aka sa mata naman Auta ta koyi rashin kunya. Da ta ji an ce mai ƙoda ɗaya sai da yawan shan ruwa, ta sayo wa Auta wata ƙatuwar gora mai murfi, kullum da safe ta kira waya ta tambaya ko an shanye.

Bara Yaya ta rasu, zuciyarta ce ta tsaya. Wayar ta daina ƙara da safe. Amma Auta kan cika gorar ta ajiye kusa da keke, ta sha tana mita, tana cewa wannan ruwa ai ko raƙumi ya yi masa yawa. Ba ta rufe shago sai ta ga ƙasan gorar.