Kwalba Biyu a Gidan Girgis

Kwalba biyu Ammu Girgis ya ɗora a kan tebur, ya ja da baya ya harɗe hannu kamar dillalin raguna. Hamid bai taɓa ko ɗaya ba. Yana tsaye da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, kunnensa na ƙofa.

"Zauna, ɗan Malam," in ji tsohon. "Ba sa cizo sai an buɗe su."

Hamid mai gyaran firji ne daga unguwar Hajj Yusuf. Ya daɗe yana shiga gidan nan na unguwar Masalma a Omdurman, don firjin tsohon kullum cikin jinya yake. Ammu Girgis Kirista ne, Bakibɗe, shi ke zuba wa manya abin sha a wani kulob tun kafin gwamnati ta tuttular da giyar garin a cikin Nilu. Duk shekarun nan Hamid bai taɓa tambayar abin da ke cikin kabad ɗin da ake kullewa ba. Yau ya tambaya, saboda ƙaninsa Muzammil.

Muzammil direban raksha ne, keken haya mai ƙafa uku. Ranar zanga-zanga ya ɗauki wani da aka harba zuwa asibiti, a hanyar dawowa jami'an tsaro suka tare shi da jini a kujera. Tun daga ranar yana wani gida a Khartum, gidan da ba shi da allo a ƙofa. Khadiga mai shayi, wadda ke zama a gindin bishiyar da ke kallon gidan, ita ta kawo wa Hamid magana.

"Janabu ba ya son kuɗinku," ta ce, tana fifita gawayi. Haka ake kiran jami'in da ke riƙe da gidan, ba wanda ke faɗin sunansa. "An ƙara masa girma, manya sun fara kiransa gona ranar Alhamis. Su wiskin Sikotlan suke sha, shi kuwa ko ƙamshinsa bai sani ba. Dariya yake tsoro. Kwalba ɗaya yake so, ta gaske, da wanda zai koya masa ya rufe baki. Na ce na san Bahaushe mai shiga gidajen Nasara. Ya ce ku ba ku sha, ba ku surutu, ya yi masa. Amma ka yi sauri, ɗan'uwana. Motar da ke kwashe yaran zuwa kurkukun nesa ba ta sallama."

Ammu Girgis ya ɗora yatsa a kan kwalbar farko, koriya, takardarta ta koɗe.

"Wannan tawa ce. Wani Bagirke ya bar min ita da zai bar ƙasar. Zan rantse a kanta da kabarin matata. Amma hayaƙi ce zalla. Mutanen can suna busar da hatsinsu da hayaƙin wata baƙar ƙasa. Wanda ya saba, ba ya son wata. Sabon shiga kuwa ji zai yi kamar ya lashi ƙonanniyar taya da aka tsoma a maganin asibiti. Jami'inka zai tofar, ya ce ka zo ka raina masa hankali."

"Ɗayar fa?"

"Ita ce ta ɗan koyo." Ya juya ta a haske, ruwan ciki kamar man shanu da aka soya. "Shekara goma sha biyu a gangar katako. Laushi gare ta, zuma da dabino, ba ta faɗa da maƙogwaro. Da irinta ake fara kowa."

"To ai magana ta ƙare."

"Da sauranta. Ban san hannun da ta fito ba. Mai kawo min, kukun wani ofishin jakadanci, ya koma ƙasarsu. Wannan daga wani direban babbar mota na karɓa. Yanzu akwai masu tsince kwalaben wofi, su ɗura sibirto, ruwan da ake tsinka fenti da shi, su rina da ƙonannen sukari, su buga murfi sabo fil. Ɗan 'yar'uwata Fahim ya sha irinta. Ya kwana lafiya, ya tashi yana tambaya wa ya sa hayaƙi a ɗaki. Yau da sanda yake zuwa coci."

"Ba a ganewa?"

"Murfi daidai, takarda daidai. Hancina ya tsufa, kuma in mai haɗin gwani ne, harshe ma ba ya kamawa. Sai ta kwana a ciki take faɗin sunanta. Ido take fara ci."

Firjin ya yi tari a lungu, ya ci gaba da gurnani. Hamid ya dubi koriyar, ya dubi mai launin zuma. In ya kai mai hayaƙi, Janabu ya tofar, Muzammil ya hau motar kurkukun nesa. In ya kai mai laushi, ta gaske ce, shi ke nan. In kuma ba ta gaske ba ce, kafin ta faɗi sunanta Muzammil yana gida, ko ma ya kama hanyar garin Madani wajen dangi. Kuma idon wa za ta ci? Bai bari tunanin ya gama zama ba, ya miƙa hannu ya ɗauki mai laushi.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Ban ce komai ba," in ji Hamid.

"Ni ma ban ce ba. To saurara, kada ka je ka kunyata ni." Ya ɗauko kofin gilashi mai faɗin gindi. "Yatsa biyu a kwance, nan za ta tsaya. Ba a cika kofi, ba shayi ba ne. Ya fara shaƙa a hankali, bakinsa a ɗan buɗe, kada ya cusa hanci kamar akuya a buhu. Sannan ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a harshe. Wuta za ta zo, ya ƙyale ta ta wuce, zaƙin yana bayanta. Bayan nan ya ɗiga ruwa, ɗigo, ba ambaliya ba, sai ta saki jiki. In ƙanƙara yake so, guda ɗaya babba. In ya zuba mata lemon kwalba a gaban manyan nan, ya tona wa kansa asiri. Kuma ba a kwankwaɗarta kamar aragi, giyar dabino ta bayan gari, ba a shanta da ciki wofi. Ba ta son gaggawa."

Hamid ya naɗe ta a tsumman mai, ya kwantar da ita ƙarƙashin tukunyar gas da sufana. A bakin gada an gicciye kwantena, an bar hanya guda, sojoji na sauke mutane daga motoci. Wanda ya zo kansa ya dubi jakar, ya dubi baƙin tabon sujada a goshinsa.

"Wuce, ya Shehu. Ka sa mu a addu'a."

Ya wuce. Kwalbar na dukan ƙugunsa duk taku.

Bayan la'asar Khadiga ta yi wa mai gadi alama, aka shigar da shi. Ɗakin Janabu na can ƙurya. Na'urar sanyaya ɗakin na ƙara irin ta wadda injinta ya kusa mutuwa, kunnen Hamid ya kama wannan tun daga ƙofa. Janabu bai kai shi shekaru ba. Siriri ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, da dardumar salla a ninke a kan kujera. A hannunsa akwai makullin raksha, da 'yar jakar fata a jiki. Hamid ya san ɗinkin. Uwa ce ta yi, mahaifiyarsu, shi kuma Muzammil ya sa mata zaren a allura, kamar yadda yake yi mata kowace safiya tun da idonta ya yi rauni.

"Ka kawo?"

"Na kawo, Janabu."

Jami'in ya juya kwalbar, ya duba murfi, ya duba gindi. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da kofi. Ya sake sa hannu ya fito da na biyu. Hamid ya dubi kofi na biyun.

"Nuna min."

"Yatsa biyu ake zubawa, Janabu, a kwance. Sai a shaƙa a hankali, baki a..."

"Ban ce ka faɗa min ba. Nuna min na ce."

"Janabu, ni ban taɓa ba. Mahaifina malami ne, duk Hajj Yusuf an..."

"Na sani. Ni ma ban taɓa ba, ka ga mu biyu 'yan koyo ne." Ya murɗe murfin, ya yi ƙara ƙas. "Kwanakin baya mun kwaso mutane daga wani biki. Kwalabensu sun fi wannan kyau. Wasu an binne, wasu ana jan su da hannu. Wa ya zaɓi wannan?"

"Ni."

"Akwai wata ka bar ta?"

"Akwai."

"To ka san dalilin da ya sa ka ɗauko wannan. Mai miya shi ke fara ɗanɗanawa." Ya turo kofin da bakin makullin.

Hamid ya zuba. Yatsunsa biyu masu baƙin mai a jikin gilashin, ruwan ya hau ya tsaya daidai. Bakinsa ya ɗauko bisimilla da kansa, kamar yadda ya saba a kan kowane kofi, ya datse ta da haƙori. Ya shaƙa. Ya kurɓa. Wuta ta kama harshensa, ta gangara, ta tsaya a ƙirji, hawaye ya cika masa ido. Ya ƙyale ta ta wuce. Sai ga zumar, sai ga dabinon, daidai inda tsohon ya ce suna jira. Wannan ya fi wutar tayar masa da hankali.

"Me ka ji?"

"Zafi. Sai zaƙi."

"Riƙe kofin yadda ka riƙe ɗazu." Janabu ya ɗauki nasa kofin, wofi, ya gwada riƙon, ya kai hanci, ya ɗan buɗe baki. "Haka?"

"Haka."

"Shanye. Sai kuma da ruwa."

Ya shanye. Ya sake zuba yatsa biyu, ya ɗiga ruwa daga gora. Janabu ya matso da kujera yana kallon maƙogwaronsa. Bayan ruwa aka aika mai gadi ya kawo ƙanƙara daga wajen Khadiga, aka zaɓi guda babba. A na ukun Hamid ya daina jin wutar. Ƙarar na'urar ta koma nesa. Daga bayan bango wani yana tari, tari mai tsawo, ya kasa tantance ko na Muzammil ne.

"Wanne ya fi?"

"Da ɗigon ruwa," in ji Hamid. Ya ji kunyar yadda amsar ta zo masa da sauƙi.

Janabu ya mayar da murfin, ya sa kwalbar a aljihun tebur tare da makullin raksha, ya kulle. Kofinsa a bushe yake.

"Likitanmu ya ce sai ta kwana take nunawa. Je ka gida. Gobe da hantsi ka dawo." Ya nuna bango da haɓa. "Ka ga agogon can? Ka tsaya a bakin ƙofa ka faɗa min ƙarfe nawa. In ka faɗa, ka tafi da ƙaninka da rakshar tasa. In ba ka faɗa ba, na san abin da ka kawo min." Ya ɗauki dardumarsa ya warware. "Motar kwashe yaran gobe ce."

A hanyar Hajj Yusuf Hamid ya karanta duk allon da motar hayar da ya shiga ta wuce, na kantin magani, na masu faci, lambar motar da ke gabansu. Duk suna nan. Ya sayi kanumfari ya tauna. Da aka kira magariba bai shiga masallacin unguwa ba, ya bi ta bayan layi.

Uwa na zaune a kan gadon igiya a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta daga nesa.

"Matso mana. Ka gan shi?"

"Gobe, in Allah ya yarda."

Ya matso. Ta ɗaga kai, hancinta ya motsa. Ta yi shekara da shekaru tana zaune da malami, ta san warin tawada da na turare da na zufar ɗa.

"Akwai tuwo a rufe," ta ce. "Ka ci da yawa."

Da gari ya waye kansa na sara kamar ana buga ƙusa. Ammu Girgis bai faɗa masa abin da ta gaske take yi wa ɗan koyo da safe ba, shi kuma bai tambaya ba, don bai zaci shi ne ɗan koyon ba. Ya wanke fuska, ya sake wankewa. Ya fito tsakar gida ya dubi bango, ya dubi randa, ya dubi igiyar shanya. Suna nan. Sai dai gefensu ya yi laushi, kamar akwai abu siriri tsakaninsa da su.

Uwa ta riga ta shimfiɗa rigar Muzammil a cinya, wadda aljihunta ya yage.

"Kafin ka fita," ta ce, ta miƙo allura da zare. "Ina so ya same ta a ɗinke."

Ya karɓa. Ya lashi bakin zaren, ya murza, ya kai. Zaren ya wuce ta gefe. Ya ɗaga allurar sama wajen haske.

"Uwa, an ƙona taya ne a unguwar nan yau?"

"Kullum ai ana ƙonawa."

"Kina jin warin?"

"Mura nake yi, Hamid. Sa min zaren."

Ya sake lasar bakin zaren, ya matso da allurar kusa da fuskarsa.