Wancan Na Cikin Talabijin

Mu'inuddeen ya daɗe yana kawo rahoton siyasa daga majalisa a Abuja, har ƙasar nan kaf ta haddace sunansa. A Sabon Ibadan kuwa mahaifiyarsa, Hajiya Azumi, ba ta taɓa furta sunan ba, domin ɗan fari ne, kunya ta hana. "Wancan" take ce masa.

Ya aiko mata da ƙatuwar talabijin don ta riƙa ganinsa, sai matan layin suka mayar da ɗakinta gidan kallo. Da zarar ya fito yana titsiye wani sanata, sai ta miƙe ta koma tsakar gida wajen tuyar ƙosanta, kamar ba ta san shi ba.

Ranar da aka karrama shi, ya dubi kyamara ya ce, "Inna, na san kina kallona."

Mata suka waiga, kujerarta wayam. Iya Bisi, maƙwabciyarta Bayarabiya, ta leƙo ta taga ta ce, "Hajiya, ɗanki fa na gaishe ki."

Azumi ba ta ko ɗago daga kasko ba.

"Ni ban ga komai ba," in ji ta. "Amma a faɗa wa wancan hularsa ta karkace."